Yadda ake lissafin kuɗin ruwan takardun bashi da ainihin ruwan kasuwa

Wata ɗiyar ƙanwata da ke karatun lissafin kuɗi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta iso gida bayan la'asar da takardar gwaji a hannu, ta tarar da ni a zaure ina jiran shayi ya dahu. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Kawu, takarda ta ce ruwa kashi 6 cikin ɗari ne. To me ya kai mu kashi 8? Kuma me ya sa adadin yake ƙaruwa kowace shekara alhali abin da ake biya bai canza ba?" Na yi shekaru ina riƙe littattafan 'yan kasuwa a nan Maradi, kuma tambayar nan tata ita ce wadda ke kayar da ɗalibai da yawa, har da wasu da suka daɗe a aikin kwantabul. Abin da na zana mata a bayan takardar ranar shi ne zan shimfiɗa a nan.

Na san da yawa cikinmu ba sa son jin maganar ruwa, kuma suna da hujjarsu a addini; shi ya sa ma gwamnatin Nijar ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, a 2015 domin masu gudun ruwa. Amma wanda aka ba shi littafin kamfani ya riƙe, ko aka ba shi takardun wani ya bincika, dole ya iya faɗin gaskiyar nauyin da ke kan kamfanin. Bashin da ba a lissafa daidai ba ya fi cutar da mutane.

Mene ne takardar bashi

Idan kamfani ko gwamnati na son kuɗi masu yawa, maimakon ta nufi banki ɗaya, sai ta yanka bashin gunduwa-gunduwa ta sayar wa jama'a. Kowace gunduwa takarda ce mai alkawari biyu: za a riƙa biyan mai ita wani adadi duk shekara ko duk wata shida, kuma ranar da wa'adi ya cika a mayar masa da uwar kuɗin da aka rubuta a jikinta. Ita ce ake kira obligasiyo a makarantunmu. A kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abidjan, wadda ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suka haɗu a kanta, galibi takarda ɗaya jaka goma ce, wato sefa 10,000. Duk adadin da zan rubuta nan gaba a sefa yake, ba a dala ba, kada a ninka da biyar.

Kalmomi huɗu za mu riƙa maimaitawa. Uwar kuɗi ita ce abin da ke rubuce a takarda, wanda za a mayar a ƙarshe. Ruwan takarda shi ne kason da aka buga a jikinta, da shi ake sanin tsabar kuɗin da za a biya. Ruwan kasuwa shi ne abin da masu saye suke nema a ranar sayarwa, su ba ruwansu da abin da ka buga. Sai bashin littafi, wato adadin da kamfani ya rubuta a matsayin bashi a wata rana. Wannan na ƙarshe shi ne mai motsi, kuma a kansa duk aikin yake.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. A ce wani kamfanin matse man gyaɗa ya fitar da takardu 10,000, kowace sefa 10,000, jimla 100,000,000. Wa'adi shekara 5. Ruwan takarda kashi 6, ana biya sau ɗaya a ƙarshen kowace shekara, wato 6,000,000. Sai dai a ranar 1 ga Janairu da aka fito da takardun, masu kuɗi suna samun kashi 8 a wurare masu irin wannan haɗari. Babu mai hankalin da zai ba da jaka goma cif don ya samu kashi 6 alhali ga kashi 8 a maƙwabta. Sai su ce a rage musu farashi. Nawa za a rage, shi ne aikin farko.

Mataki na farko: nemo farashin ranar sayarwa

Kuɗin da za ka karɓa baɗi ba daidai yake da wanda ke aljihunka yau ba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba manomi kuɗi da damina don ya karɓi buhu da kaka ya san wannan ba tare da alƙalami ba. A lissafi, ana ɗaukar kowane biya na gaba a raba shi da 1.08 (wato 1 haɗe da kashi 8 na kasuwa), rabawa ɗaya domin kowace shekarar da za a jira.

Biyan shekarar farko, 6,000,000 raba 1.08, ya ba da 5,555,556. Na shekara ta biyu, a raba sau biyu, 5,144,033. Na ta uku 4,762,993. Na ta huɗu 4,410,179. A shekara ta biyar biya biyu ne suka haɗu, ruwa da uwar kuɗi, 106,000,000, idan aka raba da 1.08 har sau biyar ya dawo 72,141,819. A tara su duka: 92,014,580.

Wannan shi ne abin da zai shiga asusun kamfanin a banki. Ya karɓi 92,014,580, ya sa hannu cewa zai mayar da 100,000,000. Tazarar, 7,985,420, ita ce ragi.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Ragin nan ba asara ba ce da ta faɗo rana ɗaya, kuma ba kyauta ba ce aka yi wa masu saye. Ruwa ne, sai dai an jinkirta biyansa zuwa ranar ƙarshe. Idan Alhaji ya ba ka jaka casa'in da biyu ya ce ka kawo masa jaka ɗari, ko bai ambaci sunan ruwa ba kowa ya san mece ce jaka takwas ɗin nan. Saboda haka jimlar abin da bashin zai ci wa kamfanin shi ne 30,000,000 na biyan shekaru biyar, haɗe da 7,985,420, ya zama 37,985,420. Tambayar da ta rage guda ce: nawa ne rabon kowace shekara a cikin wannan jimla?

Mai amfani da Excel na Faransanci zai samu farashin da layi ɗaya: =VA(8%;5;-6000000;-100000000). A na Ingilishi sunan aikin PV ne, kuma waƙafi ake sawa tsakanin adadi. Amma ina roƙon ɗalibi ya fara yi da hannu ko sau biyu ne, don ranar jarrabawa ƙaramin kalkuleta kawai za a bar shi da shi.

Rubutun ranar farko ba wahala: a ɓangaren debi, wato hagun littafi, banki ya karɓi 92,014,580, a ɓangaren kiredi, wato dama, bashin takardu ya hau da 92,014,580. Wasu littattafan suna rubuta 100,000,000 a kiredi, su buɗe wa ragin asusu nasa daban a debi. Hanya biyun gida ɗaya suke kaiwa, domin idan ka cire ragi daga uwar kuɗi bashin littafin dai 92,014,580 ne.

Mataki na biyu: shekarar farko, a hankali

Ɗauki bashin littafi na farkon shekara, ka ninka da ruwan kasuwa na ranar sayarwa. 92,014,580 sau 0.08 ya ba da 7,361,166. Wannan shi ne kuɗin ruwan da za a rubuta a matsayin kashe-kashen shekarar.

Ɗauki uwar kuɗi ka ninka da ruwan takarda. 100,000,000 sau 0.06, wato 6,000,000. Wannan shi ne abin da zai fita daga banki.

Kar ka haɗa su giciye. Ruwan kasuwa da bashin littafi suke tafiya, ruwan takarda da uwar kuɗi. Mafi yawan kuskuren da nake gani a takardun ɗalibai daga nan yake: wani ya ninka 100,000,000 da kashi 8 ya samu miliyan takwas, wani ya ninka 92,014,580 da kashi 6. Duka biyun ba su da ma'ana a littafi.

Yanzu cire na biyu daga na farko. 7,361,166 a cire 6,000,000, saura 1,361,166. Kamfanin ya ci ruwan miliyan bakwai da ɗoriya, ya biya shida kawai. Abin da bai biya ba bai ɓace ba, ya hau kan bashin. Don haka bashin littafi a ƙarshen shekara ya zama 92,014,580 haɗe da 1,361,166, wato 93,375,746. Ragin da ya rage kuma ya sauko zuwa 6,624,254.

A littafin yau da kullum za ka rubuta: debi kuɗin ruwa 7,361,166; kiredi banki 6,000,000; kiredi bashin takardu 1,361,166. Masu aiki da jerin asusun SYSCOHADA, tsarin riƙe littattafan kuɗi da ake bi a ƙasarmu, sun san gidajen: 671 na ruwan bashi, 521 na bankunan gida, 161 na bashin takardu.

Mataki na uku: maimaita har wa'adi ya cika

Inda shekara ta tsaya nan ta gaba take farawa. Ruwan kashi 8 ba ya canzawa, ko da kasuwa ta tashi zuwa 10 ko ta faɗi zuwa 5 bayan wata uku. An ɗaure shi tun ranar sayarwa. Abin da ke canzawa shi ne bashin da ake ninkawa.

| Shekara | Bashin farko | Kuɗin ruwa | Abin da aka biya | Abin da ya hau bashi | Bashin ƙarshe |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 92,014,580 | 7,361,166 | 6,000,000 | 1,361,166 | 93,375,746 |
| 2 | 93,375,746 | 7,470,060 | 6,000,000 | 1,470,060 | 94,845,806 |
| 3 | 94,845,806 | 7,587,664 | 6,000,000 | 1,587,664 | 96,433,470 |
| 4 | 96,433,470 | 7,714,678 | 6,000,000 | 1,714,678 | 98,148,148 |
| 5 | 98,148,148 | 7,851,852 | 6,000,000 | 1,851,852 | 100,000,000 |

Da muka iso layin ƙarshe ranar nan, yarinyar ta latsa kalkuletarta, ta ga ɗaya da sifili takwas sun fito cif. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ashe da kansa yake komawa gida." Haka ne. Ranar da za a biya uwar kuɗi, littafi ya riga ya nuna 100,000,000, sai a yi debi bashin takardu, kiredi banki, asusun ya rufe ba saura. Amsar tambayarta ta biyu ma tana cikin jadawalin: kuɗin ruwa yana ƙaruwa ne domin bashin yana ƙaruwa, kamar yadda kayan da aka ƙara wa jaki ke ƙara masa nauyi ko da hanya ba ta canza ba.

Idan adadin ƙarshe ya sha bamban da sefa ɗaya ko biyu, daga zagaye lambobi ne, sai ka daidaita a shekarar ƙarshe. Idan kuwa dubbai ne, akwai kuskure a sama, koma ka nemo shi. Kada ka cusa tazarar cikin layin ƙarshe don jadawali ya yi kyau.

Me ya sa ba za a raba ragin daidai wa daida ba?

Akwai hanya mai sauƙi da kowa ke fara tunani: a raba 7,985,420 gida biyar, kowace shekara ta ɗauki 1,597,084, kuɗin ruwa ya zama 7,597,084 duk shekara. Jimlar dai ɗaya ce, 37,985,420. Amma duba abin da ta haifar. A shekarar farko 7,597,084 a kan bashin 92,014,580 ya kai kusan kashi 8.26. A shekarar ƙarshe, a kan bashin 98,402,916, ya sauko kusan kashi 7.72. Bashi ɗaya, yarjejeniya ɗaya, amma littafi yana nuna kamar farashinsa yana sauka kowace shekara, abin da bai faru ba. A shekarar farko kaɗai an ƙara wa kashe-kashe 235,918, an rage riba da wannan adadi. A bashin miliyan ɗari na shekara biyar wani zai ce ba komai. A bashin biliyan hamsin na shekara goma, tazarar ta isa ta canza abin da banki ko mai zuba jari zai yanke.

Shi ya sa ƙa'idar duniya ta IFRS 9, wadda ta fara aiki a Janairun 2018, ta tsaya kan hanyar ainihin ruwa, wato wadda muka bi a jadawalin sama, ga irin wannan bashi. A Amurka ana yarda da rabon daidai wa daida ne kawai idan sakamakonsa bai yi nisa da na wannan hanya ba. Mu a nan, Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, sabon tsarin SYSCOHADA ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, kuma daga Janairun 2019 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ko masu neman kuɗi a hannun jama'a sai sun fitar da bayanan kuɗinsu bisa IFRS, ƙari a kan na SYSCOHADA. Wanda ya sayar wa jama'a takardun bashi ya shiga wannan sahu. Ga littattafan SYSCOHADA kuwa, tsarin yana da nasa umarnin kan rabon ragi, sai ka buɗe jagorarsa kafin ka rubuta.

Idan an sayar da ƙari maimakon ragi

Juya misalin. Ruwan takarda kashi 6, kasuwa tana kashi 5. Yanzu takardar ce ake rububi, masu saye za su biya fiye da uwar kuɗi. A raba biyan da 1.05, farashi ya fito 104,329,477, ƙarin 4,329,477. Shekarar farko kuɗin ruwa 104,329,477 sau 0.05, wato 5,216,474. An biya 6,000,000, ya wuce ruwan da 783,526, wannan rarar kuwa biyan bashi ce, sai a cire ta: bashin ya sauko 103,545,951. Shekara ta biyu ruwa 5,177,298, a cire 822,702, saura 102,723,249. Haka zai yi ta sauka har ya taka 100,000,000. Jimlar kuɗin ruwa a nan 25,670,523 ce, ƙasa da miliyan talatin da aka biya.

Kuɗin fitarwa, inda jadawalin makaranta ke rabuwa da aikin ofis

A gwajin aji ana ba ka ruwan kasuwa a hannu. A ofis ba haka abin yake ba. Kafin takardu su fita an biya kamfanin dillancin da ya shirya sayarwar, an biya lauyoyi, an biya hukumar da ke sa ido a kasuwa. Waɗannan kuɗaɗe da suka rataya kai tsaye ga fitar da bashin ba a zuba su cikin kashe-kashen shekara ɗaya a ƙarƙashin IFRS 9. Cire su ake yi daga abin da aka karɓa, sannan a sake nemo ruwan.

A ce sun kai 1,000,000. Abin da ya rage a hannun kamfani 91,014,580 ne, alkawarin biya kuwa bai ragu da ko tamma ba. Ainihin ruwan ya wuce kashi 8 ke nan, sai mu nemo shi. Mun san a kashi 8 biyan gaba sun kai 92,014,580. Gwada kashi 9: za ka samu 88,331,046. Namu yana tsakani. Tazarar kashi 8 da 9 ita ce 3,683,534, mu kuma mun sauko da 1,000,000 daga na kashi 8. Raba 1,000,000 da 3,683,534, ya ba da kusan 0.27. Ainihin ruwa kusan kashi 8.27 ne. Excel zai ba ka shi da cikakkun lambobi ta =TAUX(5;-6000000;91014580;-100000000), ko ta wani aikinsa mai suna TRI idan biyan ba iri ɗaya ba ne. Yi amfani da cikakken adadin da kwamfuta ta bayar, kusan 8.266, kada ka guntule shi, in ba haka ba layin ƙarshe ba zai rufe ba. Kuɗin ruwan shekarar farko ya zama kusan miliyan 7.52.

TRI ɗin nan za ka buƙace shi sau da yawa, domin takardu da dama a kasuwarmu ba sa jiran ranar ƙarshe su biya uwar kuɗi gaba ɗaya. Akan ba da hutun shekara ɗaya ko biyu ana biyan ruwa kaɗai, daga nan a riƙa mayar da uwar kuɗi kashi-kashi. Hanyar ba ta canza ba. Jera duk abin da zai fita a kowace shekara, nemo ruwan da ya daidaita su da abin da aka karɓa, sannan kowace shekara: bashin farko, haɗe da kuɗin ruwa, a cire duk abin da aka biya, ruwa da uwar kuɗi.

Biyan wata shida-shida da rufe littafi a tsakiyar zango

Idan ana biya sau biyu a shekara, zango goma ne ba biyar ba. Kowane biya 3,000,000, ruwan kasuwa na zango kashi 4. Farashi ya koma 91,889,104, kuɗin ruwan wata shidan farko 3,675,564. Sai dai ka tabbatar yadda aka ba ka kashi 8 ɗin: kashi 4 sau biyu a shekara ya kai kashi 8.16 idan ruwa ya hau ruwa, don haka raba biyu yana daidai ne kawai idan haka yarjejeniyar take nufi.

Shekarar lissafi a tsarinmu tana rufewa ranar 31 ga Disamba, takardu kuwa ba sa jiran Janairu su fita. A ce misalinmu na farko ya fita ranar 1 ga Afrilu. Zuwa ƙarshen Disamba wata tara sun wuce, ba a biya komai ba, amma ruwa ya taru. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki tara cikin goma sha biyu na layin farko: kuɗin ruwa 5,520,875, ruwan takarda da ya taru ba a biya ba 4,500,000, shi ke zuwa asusu na 166, saura 1,020,875 ya hau bashin. A ƙarshen Maris, ranar biya, sai a rubuta na wata ukun da suka rage. Na taɓa karɓar littafin wani kamfani da aka manta wannan rubutu gaba ɗaya, an raba riba ana murna, ashe ruwan wata tara yana kwance ba a ƙirga ba.

Kafin ka miƙa aikinka

Gwaji uku nake yi, ba sa cin minti biyar. Tara layin abin da ya hau bashi, dole ya ba da ragin farko, 7,985,420. Ninka na kowace shekara da 1.08, dole ya ba da na shekarar da ke biye: 1,361,166 sau 1.08 ya kawo 1,470,059, tazarar sefa ɗaya ta zagaye ce. Inda wannan ya karye, a layin nan kuskuren yake, ba sai ka sake jadawalin daga sama ba. Na uku shi ne wanda na fi so, domin ba ya dogara da layukan da ka riga ka cika: a farkon shekarar ƙarshe biya ɗaya ya rage, 106,000,000. Raba shi da 1.08. Idan kalkuleta ta nuna 98,148,148 kuma shi ne ke rubuce a ƙarshen shekara ta huɗu, jadawalinka ya tsaya da ƙafarsa.